Farantin Sola da Ke Kan Ɗakin Hajiya

Madarunfa, 24 ga watan Afrilu

Zuwa ga Kawuna Mansur,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga ubanta. Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Halima da yara, Ya tsare motocinka a hanyoyin Agadas, Ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Jiya da ƙarfe uku na rana ma'aunina ya nuna digiri arba'in da uku a inuwa. Hajiya tana cin abinci, kumburin ƙafarta ya saɓe, awon sukarinta na wannan mako kuma bai wuce yadda likita yake so ba. Innarmu ta koma matsar man gujiya. Matar Yaya Isa ta kusa sauka, Allah Ya raba lafiya. 'Yan uwa na Gabi sun zo ranar kasuwa, sun ce an gama sharar gonarka ta gabas, ana jiran ruwa.

Kawu, na zaɓi rubutu ne saboda in muna waya sai in ce "to" a inda ya kamata in yi bayani. Ranar Lahadi da ka kira ka ce a bi umarnin kwamitin unguwa, a kewaye farantin sola da zana ko a sauke shi, na ce maka to. Tsoro ne ya sa na ba da wannan amsar. Ban kewaye shi ba, ban sauke shi ba, kuma ba ni da niyyar yin ko ɗaya. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci.

Takardar da Alhaji Lawali, maƙwabcinmu kuma shugaban kwamiti, ya aiko ta dogara da aya ta tara ta yarjejeniyar da masu filaye suka sa wa hannu shekara shida da suka wuce, har da kai. Na je na kwafo ayar da hannuna. Ta ce duk abin da aka ɗora a waje, tankin ruwa ne, ko anten, ko kwanon talabijin, ko farantin sola, sai an kare shi ta kowane gefe don kada a gan shi daga titi. Ba zan yi maka ƙarya ba, ana ganin namu daga titi. Na tsaya a wuri uku na duba, ana ganinsa a dukkan ukun. Amma na kuma bi unguwar layi-layi da littafina. Gida arba'in da ɗaya ne aka tare a cikinsu, kuma ashirin da uku suna da tanki ko kwano ko anten a fili, har da gidan Alhaji Lawali da kwanonsa biyu. Gidanmu kaɗai aka aiko wa takarda.

Kafin in buɗe baki sai da na gwada abin da suka ce, don kada in zama mai gardamar banza. Ka san kuran, wato wutar lantarki, bai iso layinmu ba, farantin nan shi kaɗai ke cika batirin da ke riƙe da firigon da ke sanyaya allurar sukarin Hajiya. Takardar da ke cikin kwalin allurar ta ce a ajiye ta tsakanin digiri biyu da takwas. Na kwashe kwalaben na kai gidan ƙawata Rashida a cikin gari, sannan muka ɗaura zana ta gefe huɗu, tsawon metir ɗaya da santi ashirin, wato mafi gajartar da za ta ɓoye farantin. Rufin ɗakin Hajiya metir uku ne da uku, babu wurin ja da zanar baya. Da babu zana, rana tana kan farantin daga ƙarfe takwas zuwa biyar. Da zana, sai wajen goma da rabi take cika shi, biyu da rabi kuma inuwa ta dawo. Safiyar farko cikin firigo digiri tara ne, ta biyu goma sha huɗu, ta uku ashirin da ɗaya, batirin ya mutu. Sai muka kwance zanar. Ka ce a waya a sa allurar cikin randa da jiƙaƙƙen yashi kamar yadda wasu ke yi. Na gwada wannan ma, ba don raini ba. Da la'asar cikin randar digiri talatin da biyu ne. A sauke farantin ƙasa kuwa, tsakar gida duk inuwar katanga ce da ta itacen bedi. Abin da na karanta a jami'a shekara uku ke nan, Kawu, kuma sau biyu ina maimaita kowane awo don ina tsoron kuskure.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne me ya sa mu kaɗai. Amsar ta zo daga inda ban zata ba. Inna Delu, matar Alhaji Lawali, ta shigo sayen mai, ta ja ni bayan rumbu ta gaya mini, bayan ta sa na rantse ba zan kai maganar waje ba. Ina gaya maka ne don kai uba ne, kuma kai kaɗai za ka iya gyarawa. Ka san tattabaru suna ɓata farantin da kashinsu, don haka Yaya Isa ke hawa duk Juma'a ya wanke. Ka kuma san al'ada: namiji ba ya hawa sama sai an aika mace ta sanar da maƙwabta, shi kuma ya ɗaga murya ya nemi gafara. Wata Juma'a, mako biyar da suka wuce, Yaya yana sauri, bai aika kowa ba, ya yi kira sau ɗaya ya hau. Injin markaɗen Inna Delu yana aiki, ba wanda ya ji. 'Yarsu babba tana wankin kai a tsakar gida, ba ɗankwali ba mayafi. Yaya ya ce da ya hango mutum ya kau da kai ya sauko, kuma na yarda da shi. Amma yarinyar ta gan shi, ta yini tana kuka, ga shi an sa ranar aurenta bayan damina. Inna Delu ta ce Alhaji ya kasa zuwa ya faɗi abin da ya faru, don faɗinsa ma tonon asiri ne, shi ya sa ya ɗauko aya ta tara. Titi bai dame shi ba. Tsakar gidansa yake so a kare.

Da na ji haka na ji kunya ƙwarai, don laifin namu ne. Na zauna na sake lissafi. Gidan Alhaji yana arewa da mu. In aka sa zana a gefen arewa kaɗai, ko da ta kai metir ɗaya da santi tamanin, abin da faranti zai rasa bai kai rabin awa ba a yini. Na saya, na sa an ɗaura ta ranar da aka sanar da gidansu tun da safe, kuma yanzu wanda ya tsaya a rufin ba ya ganin ko saman rumbunsu. Na kuma gaya wa Yaya Isa cewa daga yau babu namijin da zai sake hawa, ni zan riƙa wankewa. Ya yi dariya, ya tuna mini cewa ko bisa amalanke ba na iya tsayawa. Gaskiya ya faɗa. Tsanin taki goma sha ɗaya ne, ranar farko a na shida na tsaya ina salati, Inna tana ƙasa tana cewa in sauko kada a yi da mu a gari. Na hau dai.

Ranar Asabar kwamiti ya zauna bayan la'asar a gindin bedin masallaci, na je a madadin Hajiya. Ni kaɗai ce mace. Na karanta musu lambobin nan kamar yadda na rubuta maka, na roƙi a bar mu da zana ta gefe ɗaya saboda lalurar marar lafiya. Wani tela a cikinsu ya ce lisansin nan da na samo a jami'a ya yi mini nauyi a ka, shi ya sa nake neman rufin da zan ɗora shi. Aka yi dariya, ni ma na murmusa. Malam Kabiru, ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, ya tambayi dalilin da ya sa ba a aika wa sauran gidaje ashirin da uku ba. Na san dalilin, Alhaji ya san na sani, ya dube ni na dube shi. Da kalma biyu zan iya gama zancen a wurin, amma da mutuncin yarinyar zan gama shi, sai na sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ce doka gefe huɗu ta ce, kuma mace a kan rufi ta fi faranti muni a idon mai wucewa. Ya ƙara da cewa zai kira mai gidan da kansa. Washegari ka kira mu da umarnin da ka bayar, aka kuma aiko cewa ranar Alhamis za a zo da maƙeri a cika aiki, tun da mai gida ya yarda. Wannan ya yi mini zafi, Kawu. Na san Alhaji abokinka ne tun kuna yaran mota, kuma ba ka son a ce iyalinka sun fi ƙarfin unguwa. Amma ba a gaya maka komai ba sai aya ta tara.

Alhamis da hantsi suka zo, mutum biyu na kwamiti da maƙeri, suka yi sallama a zaure. Hajiya ta sa na ja mata kujera zuwa bakin ƙofar ciki. Suka gaishe ta, suka ce umarnin mai gida suka zo cikawa. Ta amsa gaisuwar a tsanake, ta tambayi iyalin kowannensu da suna, sannan ta ce: "Gidan na Mansur ne, amma ni na haifi Mansur. In zai kashe mini firigo, ya zo ya kashe ina kallonsa." Ana cikin haka sai ga Inna Delu ta ratsa su da lulluɓinta ta shigo. Ta ɗauki guga da tsumma ta miƙa mini, ta ce tattabarun mijinta ne suka ɓata, don haka ita ce da riƙon tsani. Ta jingina shi, ta dafe da hannu biyu, ta ɗaga murya yadda na zaure da na titi za su ji: "Maza a kauce, mata za su hau sama." Na hau, ban tsaya a na shida ba. Da na leƙa titi, maƙerin ya riga ya juya baya yana ɗaure kayansa a babur, sauran biyun suna kallon ƙasa. Ba wanda ya ce musu su tafi, suka tafi.

Maganar ba ta mutu ba. Alhaji bai amsa gaisuwar Yaya Isa ba tun ranar, kuma na ji ya ce yana jiran ta bakinka kafin zaman wata mai zuwa. Inna Delu ma na san ta sha faɗa a gida saboda mu, ko da yake ta ce in bar mata wannan. Abin da nake roƙo shi ne ka kira Alhaji kai da shi, ba a gaban kowa ba. Ka ce masa ka ji abin da ya faru, ka ba shi haƙuri a madadin Isa, ka tabbatar masa babu namijin gidanmu da zai sake hawa. Ba sai ka ambaci sunan yarinyar ba, zai gane. Ina jin abin da yake jira ke nan tun farko, wani babba ya ce masa an yi masa ba daidai ba. Daga bakina ba zai karɓa ba.

In kuma ka karanta duk wannan ka ce har yanzu a kewaye ko a sauke, to Kawu ka gafarce ni, ba zan yi ba, kuma ba zan bar wani ya yi ba. Na ɗaure tsanin da sarƙa, makullin yana wuyana. Ban taɓa saɓa maka ba, kai ka tsaya mini har na gama karatu, kuma rubuta wannan layin ya ɗauke ni fiye da duk sauran takardar. Amma ni ce nake yi wa Hajiya allura safe da yamma, ni ce nake duba ma'aunin. Ina iya ɗaukar fushinka na wata ɗaya ko na shekara. In yi mata allurar da zafi ya lalata ne ba zan iya ba.

Ka gaida Inna Halima, ka ce mata cukun da ta aiko ya iso. Ka gaida Abdul Aziz da Balaraba, Allah Ya ba su sa'ar jarrabawa, da Rabi'u direbanka. Inna da Yaya Isa suna gaishe ka. Yaya ya ce duk faɗan da za ka yi masa ya cancanta. Na karanta wa Hajiya takardar nan daga farko har nan, ta ce kada in goge ko kalma ɗaya. Ta ce in gaya maka tana sa maka albarka kullum, kuma tana jiran kiranka bayan ka kira Lawali, ba kafin nan ba.

Allah Ya bar mu tare, Ya sada mu da alheri.

'Yarka mai girmama ka,
Sa'adatu