Na Ɗauka Wasa Yake Yi, Ashe Dutsena Yake Nufi

Inna Nantenen, ina gaisuwa. Don Allah ki taimake ni da shawara. Kwana tara suka rage mini, kuma duk wanda na gaya wa maganar nan a gida sai ya ce in ja bakina in yi shiru.

Ni Konde ne. Ban ɓoye ba saboda a yankinmu na Kerwane rabin kasuwa Konde ne, kuma sai da sunan za ki gane matsalata. Shekarata ashirin ina fasa dutse, da guduma na fara, ina sayar wa magina. Da aka zo shimfiɗa layin dogon da zai riƙa kwasar tama zuwa bakin teku, mu 'yan kasuwar yankin muka kafa ƙungiya. Shekara biyu muna zarya ofishin kamfanin, kullum amsar ɗaya ce, wai mu kawo ƙwai da tumatir kicin, aikin dutse ya fi ƙarfinmu. Daga ƙarshe dai suka ba ni kwangilar tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin layi, ta wani ɗan yanki. Ni kaɗai a cikinmu. Har hotona suka liƙa a bakin ofis, na sa hular kwano ina washe baki.

Wanda ke gwada dutse a ɗakin gwajin kamfanin wani injiniya ne, bari in kira shi Karifa. Tarawore ne, kin ga abokin wasana ke nan tun kaka da kakanni. Ranar da ya fara jin sunana ya ce, "Ashe bawana aka ba kwangilar, zo ka riƙe mini jaka." Na ce masa in ya gama cinye waken da ke aljihunsa zan riƙe, don da cin wake muke tsokanarsu. Haka muke duk zuwansa, ma'aikata suna ta dariya.

A watan Maris hanyar da ke hawa gefen yamma na dutsena ta zabtare, sai muka koma fasa gefen gabas. A ido duk baƙin dutse ne. Tun daga nan tsokanar Karifa ta koma kan abu guda. "Konde, dutsen gabas ɗin nan naka, kai wa matarka ta dama maka kunu da shi." Wani zuwan kuma, "Wannan ai ko kakata marar haƙori za ta tauna." Sau biyar ko shida yana faɗa, ni kuwa ina ramawa, ina ce masa wake ya gama da idonsa. Akwai ranar da ya faɗa bai yi dariya ba, ya tsaya yana kallona. Ni na yi mana dariyar mu biyu, na buga masa kafaɗa na wuce.

Makon jiya, bayan ruwan farko mai ƙarfi, na bi ta wajen tarin tsakuwar gabas da ya rage a fili. Ruwan da ke fita daga ƙarƙashinsa ja ne, mai kauri. Na ɗauki guda biyu na goga, gari ya cika mini tafin hannu. Na ɗan taɓa ɗaya da guduma, ta watse. Inna, a wurin na gane abin da Karifa yake nufi. Sai na tuna duk zuwan Karifa yakan wuce tarin gabas, ya je ya ɗebi samfur daga ragowar na yamma. Ashe ya sani. Ya kasa kayar da ni a takarda saboda abokin wasa ba ya cutar da abokin wasansa, sai ya riƙa gaya mini ta hanyar da ta rage masa, ni kuma ina ta shashanci.

Tifa arba'in da uku na wannan dutse suna ƙarƙashin layi yanzu haka, a wata kwana da ke saman rafi. An ce jirgin da zai bi ta kai ya fi tarago ɗari, kowanne cike da tama. Nan da kwana tara manyan injiniyoyi za su zo karɓar wannan yanki na layin, kuma a makon ne kamfani zai yanke ko zai ƙara ba 'yan gida aikin dutse.

Yayana ya ce tsakuwa ba ta da suna, ta cakuɗe da ta wasu. Ba haka ba ne, kowace tifa da takardar inda ta juye. Matata ta ce in tuna mutum talatin da ɗaya da ke ci a ƙarƙashina. In na yi magana Karifa zai rasa aikinsa saboda ya rufa mini asiri, ga shi ko shekara bai yi da aure ba. Kuma za a ce ga irinta nan, dama an faɗa 'yan gida ba za su iya ba, in ja wa mutanen da muka sha rana tare. In kuma na yi shiru, ban san damina nawa kwanar nan za ta jure ba. Jiya Karifa ya kira ni sau biyu ban ɗaga ba, don ban san da wace murya zan amsa masa ba. Tsoro nake ji, Inna, kunya kuma ta fi tsoron. Yaya zan yi?

Mai Fasa Dutse, Kerwane

Ɗana Mai Fasa Dutse,

Na yarda ba da niyyar cuta ka zuba dutsen nan ba. Amma tun ranar da ya dagargaje a hannunka ka sani, don haka duk shirun da za ka yi daga yau naka ne, ba na Karifa ba.

Matarka ba ta faɗi ƙarya ba, bakuna talatin da ɗaya ba abin wasa ba ne. Tsoronka game da 'yan gida ma yana kan hanya, don na san akwai masu jiran irin wannan rana. Sai dai ka duba ɗaya gefen. Dutse mai rauni ba ya ɓuya, nauyi zai niƙe shi, ya riƙe ruwa, layi ya lotsa. Ranar nan takardun tifa za a ɗauko, kuma ba wanda zai kira shi kuskure, ha'inci za a ce. Abin da kake gudar wa ƙungiyarku zai same ta, ya fi na yanzu muni.

Karifa ya so ka, amma ya yi kuskure babba. Wasan ya ba shi bakin faɗa maka abin da wani ba zai iya ba. Bai ba shi izinin ɗebo samfur inda bai dace ba. Shi ma yanzu a tsorace yake, shi ya sa yake nemanka.

Yau ɗin nan ka hana a taɓa gefen gabas. Ka kira Karifa, ka je gidansa da wani dattijo da kuke jin nauyinsa ku biyu, ka fara da cewa yau babu wasa. Ka tambaye shi gaskiyar raunin dutsen, don kai da hannu ka gwada, shi yana da na'ura. Ka ba shi kwana biyu ya sake gwaji, ya kai wa kamfani sakamakon da kansa. Wannan ce kaɗai damar da zai iya tsira da aikinsa. Ko ya kai ko bai kai ba, rana ta uku ka miƙa wa kamfani taka wasiƙar, da ranakun, da inda aka juye, da alkawarin kwashe dutsen da motocinka ka gyara hanyar yamma ka maye shi da na can. Abin da ka gani da idonka kawai za ka rubuta, kada ka yi wa Karifa fassarar zuciyarsa. Ka nuna wa lauya takardar kwangilar kafin ka sa hannu a komai. Shugabannin ƙungiyarku kuma su ji daga bakinka kafin su ji a ofis, su raka ka in sun yarda.

Ba zan ce maka kwangilar za ta tsira ba. Kana iya rasa ta, wasu kuma su daina amsa gaisuwarka na wani lokaci. Amma ka tambayi yayanka, ka tambayi matarka, ka tambaye ni, akwai wanda ba ka tambaya ba, direban jirgin da zai fara shiga kwanar nan da kaya, wanda shi ma iyalinsa ke jiran dawowarsa. Allah ya ƙarfafa zuciyarka, ya sa a kwashe dutsen nan kafin ya taɓa kowa.

Inna Nantenen