Wanda Ya Hau Jirgi

Korça, Albaniya

Yayana Dalip,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ɗana Ferit ne ke riƙe da alƙalami, don idona ya fara dushewa. Likita ya ce kafin sanyi mai zuwa zai rufe gaba ɗaya.

An buɗe iyakar ƙasarmu bayan shekaru tana rufe, Yaya. Ina yaro ka tafi, yau har gashin girata ya yi fari. Ka zo in ga fuskarka tun ina gani.

Ƙaninka, Selim

Mareeba, Ostireliya

Selim, ɗan rigima,

Na amsa gaisuwa. Ina nan tafe da zarar an gama tsinkar mangwaro.

'Yata Lirie na ta surutu, wai shekara casa'in ba ta hawa jirgi, wai zuciyata. Wace zuciya? Da gatari ɗaya na sauka ƙasar nan. Na sare kurmi, na kwana a rumfar kwano, na shuka taba inda ko akuya ba ta kiwo. Da yaƙi ya zo na sa kaki, na ratsa taɓon tsibirin Niugini da zazzaɓi a jikina da harsashi a cinya, kuma da ƙafata na dawo gona. Yanzu kujerar jirgi ce za ta kashe ni?

Ka ce a tanadi rago.

Yayanka, Dalip

Mareeba

Baffa Selim,

Ina gaishe ka da girmamawa, ko da yake ba mu taɓa haɗuwa ba. Baba bai san na rubuto ba.

Bai gaya maka ya faɗi a gona ba. A gindin bishiya muka tsince shi, leɓensa ya yi baƙi. Likita ya ce in ya hau jirgin nan, da wuya ya sauka da rai. Na faɗa masa, ya ce, "Likitan nan ko gemu bai yi ba." Jakarsa tana bakin ƙofa a ɗaure.

Don Allah ka ce masa kada ya zo. Maganarka kaɗai zai ji.

'Yarka, Lirie

Korça

'Yata Lirie,

Allah ya yi miki albarka. Amma ba ki san ubanki ba. In na ce kada ya zo, gobe zai taso.

Ni zuciyata lafiya lau take, ido ne kawai. Ban taɓa wuce babban birninmu Tirana ba, to bana zan wuce. Ferit zai sa ni a jirgi. Ki ce masa ya kwance jaka, ragon yanzu a wuyansa yake.

Baffanki, Selim

Mareeba

Ɗan'uwana Ferit,

Gaisuwa ga kowa da kowa. Baffa ya sauka lafiya.

Baba ya ƙi sanda, ya tsaya ƙyam a filin jirgi da lambobin yaƙinsa a ƙirji. Baffa ya matso, ya kama kan Baba da hannu biyu, ya juya shi wajen haske, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Ashe dai mummuna ne kai."

Baba ya buɗe baki zai rama, sai kuka ya ƙwace masa. Tun da nake ban taɓa ganin hawayensa ba.

Ku kwantar da hankalinku. Sai an kwana biyu Baffa zai dawo.

'Yar'uwarka, Lirie