Man da Ya Fito Ja

Litinin

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Auta da jaririyarta. Yaya ɗinkin nata, ta fara takawa? Ki shafa min kan amaryata, ki ce mata angonta na nan tafe ranar Asabar, ko da yake na ji an ce ta fi ni sanƙo.

Ni lafiyata lau, sai dai gidan ya yi min faɗi. Shayin da nake haɗawa ko ni ba na iya shanyewa.

Kin ce kada in kama doguwar hanya ba a yi wa jif ɗin ɗanmu juyen baƙin mai ba. Gaskiyarki, amana ya bar mana ita da zai tafi aiki ƙasar waje. Amma batun in kai wa maƙwabcinmu Sifana, wannan ki bar shi. Ba sai na tuna miki ba, shekara tara ke nan ko sallama ba ta haɗa mu, tun ranar da ɗanmu ya ce zai koyi kanikanci a garejinsa, ni kuma na ce a gaban jama'a ban haifi ɗan da zai ƙare a ƙarƙashin mota ba. Da wane ido zan tunkare shi yanzu? Ya ma rufe garejin tun bara, sauran kanikawan layin kuwa duk shi ya yaye su, kafin in dawo gida labari ya kai masa.

Don haka na sayo galan ɗin mai da sabuwar filta ta tace mai, zan yi da kaina. Na karanta littafin motar sau biyu. Mutumin da ya yi shekara talatin yana riƙe da makaranta ba zai kasa kwance noti ɗaya ba.

Ki gaida surukinmu.

Mijinki,
Hedimasta

Laraba

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma amarya ta bar ku kun runtsa. Na rubuto ne don abin kunya ba ya faɗuwa a waya, sai ki yi ta dariya har katin ya ƙare.

Jiya da hantsi na shimfiɗa kwali a ƙofar gida, na shige ƙarƙashin jif da babbar tasarki ta wanki. Ki yafe min tasar. Na ga noti biyu, na zaɓi wanda ya fi kusa da hannuna. Man da ya zubo ja ne garau, sai na ce a raina lallai motocin zamani ko mansu na daban ne. Na mayar da notin na ɗaure. Filta ta ƙi kwancuwa, na yi har yatsuna suka saɓule, na ce to ta zauna. Na buɗe bonet, murfin gaban motar, na juye galan ɗin duka a injin, na goge hannu ina jin kaina.

Na sa makulli ke nan zan tayar, sai na ji an dafa ƙofar motar. Sifana ne. Ko gaisuwa bai yi ba, ya durƙusa ya tsoma yatsa a tasar, ya murza, ya sunsuna. Daga nan ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullin. Wallahi na ba shi, yadda yara ke miƙo min abin da na kama su da shi a aji.

Ashe man giya na tsiyaye! Tsohon baƙin mai yana nan a injin, na kuma labta masa sabo a kai. Ya ce da na hau titi a haka, giyar ba za ta kai mu ƙarshen gari ba, injin ma sai abin da hali ya yi. Me zan faɗa wa yaron nan? Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na jira ya rama maganar nan tawa ta ƙarƙashin mota, don ga ni da ƙura har a gemu. Gida ya shiga ya fito da tsohon akwatin kayan aikinsa, ya aike ni shago in sayo wani galan da man giya, ni kuwa na tafi da sauri. Da na dawo muka kwanta tare a kan kwali ɗaya. Ya kama hannuna ya ɗora a kan notin gaskiya, ya ce in shafa in san shi. Baƙin mai ya zubo kamar kwalta. Ya kwance filtar da wani ɗan bel, ya lalubi mazauninta ya ɓanɓaro tsohuwar robar da ta manne, ya ce ita ke sa mai ya tsiyaye a hanya idan aka ɗora sabuwa a kanta. Ya sa na shafa wa robar sabuwar filta mai da yatsa, na ɗaure da hannu kawai, ba da ƙarfe ba.

Da muka gama zuba mai, na giya da na inji, ya zaro sandar awo ya miƙo min, wai in duba ko ya kai layin sama. Na zaci gatse yake min, har raina ya fara ɓaci. Sai na ɗago na kalle shi da kyau, abin da ban yi ba shekara tara. Idanunsa duka biyu sun yi fari da yana. Ashe duk aikin nan da yatsu da hanci ya yi shi, kuma dalilin rufe garejin ke nan. Ni da nake cewa kuɗi ya tara ya huta! Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ban sani ba.

A wurin na nemi gafararsa. Ya ce ya daɗe da yafewa, in duba masa sandar kawai kada mai ya ɗiga a takalminsa. Motar ta tashi lafiya lau, ko ɗigo babu a ƙasa.

Mijinki da ya sha kunya,
Hedimasta

Alhamis

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, Allah ya ƙara wa Auta sauƙi.

Asirinki ya tonu. Jiya da yamma na kai wa Sifana shayi, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya ce lallai gara in je in ɗauko ki. A nan matarsa ta faɗa min ke kika buga mata waya, kika ce a sa min ido, tsohon nan zai shiga ƙarƙashin mota. Ashe ranar Talatar nan tun safe Sifana yana zaune a bayan ƙofarsa yana sauraron ƙarar sifanata. Da a da ne, da na yi fushi. Yanzu kam na gode, na gode ƙwarai. Kin san mijinki fiye da yadda ya san kansa, Allah ya saka miki da alheri.

Ga wata alfarma. Ki tambayi surukinmu ko likitan ido na asibitin da Auta ta haihu yana ganin mutane ranar Litinin, a karɓar mana kati. An daɗe da gaya wa Sifana cewa aiki ne na rabin awa, rashin mai kai shi da zaman jinya ne ya hana. Da na ce zan kai shi, ya yi ta ƙi, na ce masa ban saba a yi min gardama ba. Ki gyara ɗakin baƙi, mu biyu za mu zo, kuma sai an buɗe masa ido za mu juyo.

Ki yi haƙuri, a dawowa baya za ki zauna. Kujerar gaba tasa ce, ina so ya ga hanya.

Naki har kullum,
Hedimasta