Darakta da Lasifikar Mama Neema

3 ga Jimada Akhir

Daga ofishin Farfesa Dakta Mwinyifaki, Babban Daraktan Hukumar Lura da Waƙoƙin Ƙarshen Shekara ta Mombasa da kewaye, har da tsibirai.

Zuwa ga Mama Neema, mai shagon kayan yara da ke jikin makarantar Ustaz Shee, a Majengo.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da masu ciniki. Amma ba'adu.

Labari ya iso wa Hukuma cewa tun ranar ɗaya ga Nuwamba kika kafa lasifika a ƙofar shagonki, kina sa waƙar Kirsimeti guda ɗaya tak daga safe har ki rufe. Waƙar Baturiyar nan ce da ƙararrawa ke bi a baya, wadda in ta kai tsakiya take ƙwala ihu kamar an taka mata yatsa. Jiya ma'aikatanmu sun tsaya sun ƙirga da carbi, ta zagayo sau ɗari da sittin da biyu. Ɗayansu yana kwance yanzu.

Hukuma ba ta hana kowa bikinsa. Mun san in Disamba ta kama kowane kanti da kowace motar haya irin waɗannan suke sawa, amma su suna da tausayi, suna canjawa.

Ga ɓarnar da aka yi. Akwai wani saurayi a makarantar, sunansa Kombo, wanda Hukuma ta tabbatar babu mai muryarsa daga Majengo har Likoni. Shi aka zaɓa ya ja ƙasida a maulidin rufe makaranta ranar ashirin ga wata, a gaban iyaye da manyan baƙi daga Lamu. Shekara uku yana jiran wannan rana. Shekaranjiya a wurin gwaji ya ɗauki ƙasida lafiya lau, yana kaiwa baiti na huɗu sai muryar ta zame ta koma karin Baturiyarki. Masu ganga suka bi shi, yara suka fara kaɗa kafaɗa. Ustaz ya ce in ya kuskura ya sake, zai ba wa ɗan ajinsu Sudi ƙasidar. Hukuma ta binciki muryar Sudi, ta same ta daidai da ƙofar ƙarfen da ba a sa wa mai ba.

Don haka ana umartarki ki kashe lasifikar na kwana goma sha bakwai, ko ki canja waƙa. In kin ƙi, za a zo a ɗauke ta a sa a jirgin ruwa.

Ki ba da amsa a hannun dattijon nan da ake kira Babu Juma, mai gahawa na bakin layi. Wakilinmu ne na sirri, amma shi kansa bai sani ba.

Wassalam,
Babban Darakta

*

6 ga Disamba

Mai girma Darakta,

Na gaishe ka, na kuma gaida ma'aikacin da ke kwance, Allah ya tashi kafaɗarsa.

Shekarata ashirin da shida ina karɓar takardun hukuma a shagon nan, na lasisi, na shara, na kwana-kwana. Ban taɓa ganin wadda ta zo da Jimada a samanta ba, sai da na tambayi mai gahawa wane wata ne wannan. Ban taɓa ganin ma'aikacin gwamnati ya ce mini amma ba'adu ba. Hatimin naku kuma gindin kofin gahawa ne, har da tabon. Rubutun duk ya karkata baya, kamar na wanda hannunsa ya saba farawa daga dama.

A layin nan mutum ɗaya na sani mai irin wannan rubutu, kuma bango ɗaya ne tsakanina da shi.

Ustaz, in kai ne, ka ba ni kunya. Kullum da safe sai mun gaisa. Ko jiya ka ce mini, "Mama Neema, ya kasuwa?" na ce alhamdu lillahi kamar yadda kuka koya mini, ka wuce ba ka yi zancen lasifika ba. Ashe ka koma ciki ne ka zama Farfesa.

Lasifika ba za ta mutu ba. Wannan watan ne iyaye ke saya wa yara kayan Kirsimeti kafin su hau motar ƙauye. Shagon da ya yi shiru cewa ake bai kawo sabon kaya ba, sai a tsallaka shagon Mutua, wanda lasifikarsa ta kai girman firji. Ku kuna karatu da ƙarfi wata goma sha ɗaya a shekara, har na iya rabin abin da yaran ke rerawa, ban taɓa kafa hukuma ba. Wata biyu kawai nake nema.

Shi kuma Kombo, in dai Kombon da na sani ne, wanda ya taɓa sa wa 'yar tsanar shagona hula da gemu ya zaunar da ita a bencin masu gahawa, ka ce masa ya toshe kunne da auduga. Ina da ita, kyauta.

Na bar ka lafiya,
Felista Mghoi, Mama Neema

*

7 ga Jimada Akhir, wato Disamba

Daga Babban Darakta, cikin gaggawa.

Mama Neema, gaisuwa da fatan alheri.

Hukuma ta yi matuƙar baƙin ciki da amsarki. Da farko, Ustaz Shee ba shi da hannu a wannan magana ko kaɗan. Hukuma ba ta ma san shi ba. Mutum ne mai tsoron Allah da ba ya rubuta wa mata wasiƙa, kuma shi ba haka yake ja wutsiyar harafinsa ba, tasa ta fi tsawo. Kada ki je wurinsa. An hana. Doka ce.

Maganar kwanan wata kuma, sakatarenmu sabo ne, an kore shi.

Yanzu abin ya wuce inda kike zato. Yaron nan ya sa audugar, bai yi amfani ba, don waƙar ba a waje take ba kuma, ta riga ta tare a ciki. Yana cin wake da kwakwa da safe, haƙoransa na bin kiɗan. Yana hawa keke, ƙafafunsa na bi. Mahaifiyarsa ta ce masa, "Kai Kombo, Turanci kake yi a banɗaki? Kai da ko aji ɗaya na boko ba ka shiga ba?" Jiya ya je bayan tsohuwar ganuwa bakin teku don ya yi gwaji shi kaɗai, sai ga mai sayar da rogo da rediyo, ita ce dai. Ya shiga motar haya ya gudu, direba ya murɗa, ita ce. Garin nan gaba ɗaya ya haɗa baki.

Kuma me take cewa ne ma? Wani masani ya shaida wa Hukuma wai ƙanƙara take kira ta sauko. A Mombasa? Muna nan riga na manne mana a baya, kwalta na narkewa, wata tana can tana roƙon sanyi sau ɗari da sittin a rana a ƙofar shagonki.

Hukuma ta sassauta. Ba sai kin kashe ba. Daga la'asar zuwa ƙarfe biyar da rabi kawai, lokacin gwaji, ki rage. Ko ki sa wata, kowace iri ce, ko ta mutumin nan mai muryar barci da Mutua ke sawa. Saura kwana goma sha uku. Hukuma na roƙonki don girman Allah.

Maganar 'yar tsana kuma an daɗe da rufe ta.

Wassalam,
Darakta

*

11 ga Disamba

Darakta, ko Ustaz, ko ma waye,

Ban da dogon gaisuwa yau, raina a ɓace yake.

Ka ce kada in je, shi ya sa na je. Jiya da la'asar na bar shago a buɗe, na shiga makaranta da takardunka biyu a hannu. Yara sun fi sittin a zaune. Na ajiye su a kan tabarmar Ustaz na ce, "Ga saƙon Hukumarku na dawo da shi."

Ya sa tabarau ya karanta duka biyun, bai yi sauri ba. Ya ce, "Mama Neema, ba ni na rubuta ba."

Na ce, "To wa ya san tsawon wutsiyar harafinka in ba kai ba? Rantse."

Ya ce, "Tun da muke da ke, kin taɓa sa ni rantsuwa?"

Na ce, "Tun da muke da kai, ka taɓa zama Farfesa?"

Yaran suka fashe da dariya. Na ga fuskar dattijon nan ta canja, amma bakina ya riga ya ɗau zafi. Na ce ya ba ni makullin shagona. Duk shekara in zan tafi gida Taita shi nake bar wa, tun 'yata Neema tana goye. Ya tashi da kansa, ya ciro shi daga ƙusa, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya tsaya yana duban manyan ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe, bai kira sunan kowa ba. Sai ya ce a ci gaba da karatu.

Da na koma na juya bakin lasifikar ya kalli tagarsu. Yau da safe ya wuce, bai ɗago ba, ni ma ban ɗago ba. Matarsa ta aiko a karɓi kwanon da ta ba ni halawa a ciki ranar Juma'a, ita da ba ta taɓa neman kwano ba.

Tunda kana son gaskiya, ga ta. Kana zaton ni daɗinta nake ji? Ni nake zaune a ƙarƙashinta. Mafarkinta nake yi. Neema ce ta zo daga Nairobi ta zuba mini waƙoƙi arba'in a ɗan abin nan da ake soka wa lasifika, duk waɗanda ake yayi in Kirsimeti ta zo, ta koma. Washegari ina goge ƙura na taɓa wani maɓalli, tun daga ranar ta maƙale a guda ɗaya. Na danna duk abin da ke dannuwa. Tsoro nake in kashe ta ƙi tashi, ko da dare ƙasa kawai nake yi da murya. Neema ba na kiranta, don cewa za ta yi, "Mama, ba na nuna miki ba?" Mutua kuwa gara in mutu da in tambaye shi.

Da mutum ya zo ya yi sallama ya ce, Mama, waƙar nan ta ishe mu, da na ce ni ma, zo ka duba mini. Sai aka aiko mini da jirgin ruwa.

Ranar Asabar zan kai takardun wurin mai unguwa, a tara dattawa a gwada rubutu. In na zalunci Ustaz in sani, in kuma shi ne kowa ya sani.

Felista Mghoi

*

12 ga Disamba

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa, a durƙushe. Wannan karon na tambayi kwanan watan.

Babu Farfesa, babu Hukuma, babu ma'aikacin da ke kwance. Ni ne Kombo. Ni na rubuta duka biyun, da alƙalamin Ustaz, a bayan makaranta. Shi ya koya mini rubutun boko, shi ya sa hannunmu ya yi kama. Ranar da kika shigo ina sahun gaba riƙe da ganga, na ji kunya ta hana ni tashi, na bari kika karɓi makullin.

Ustaz ya gane tun layin farko. Kwana biyu bai ce mini uffan ba, ko harara. Yau bayan azahar na kasa daurewa, na je na faɗa masa. Na ce, "Ustaz, wasa ne." Ya ce, "Na gani, har an yi dariya." Ya ce wanda ya kasa taka ƙafa goma ya yi wa maƙwabciya sallama ba zai tsaya gaban mutanen Lamu yana yabon Annabi ba. Sudi ne zai ja ƙasidar. An fara gwaji ɗazu, za ki ji shi ta bango, ki yi haƙuri.

Don Allah, Mama, kada ki je wurin mai unguwa, ki je wurin Ustaz. Bai ci abincin rana ba. Ni ki yi mini duk abin da kika ga dama.

Maɓallin da kika taɓa shi ne mai kibiya a lanƙwashe, na gefen hagu. Zan iya gyarawa kafin ki ƙifta ido. Amma Ustaz ya yanke hukunci: daga gobe har sabuwar shekara ni zan riƙa ɗaukar miki kaya, in tsaya a ƙofa ina kiran masu saye, kuma kada in taɓa lasifikar sai in ke kika ce.

Zan zo ƙarfe bakwai. Mama, don Allah ki ce.

Ɗanki mai laifi,
Kombo Mwinyihaji