Bunsurun da Amos ya kai gindin tsamiya

Kona, 14 ga Yuli, 1963

Zuwa ga yayana Yahaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Elizabet da yara, da fatan karatun Littafi Mai Tsarki yana tafiya daidai can Najeriya. Allah ya ƙara maka lafiyar ido da ƙarfin zuciya. Mu nan kowa lafiya, gero ya kai gwiwa, gyaɗa ta rufe ƙasa. Iya ma ƙafar ta yi sauƙi, har tana zuwa rijiya da kanta. Sai dai ni zuciyata ba lafiya, kuma ba ni da wanda zan amayar wa abin sai kai.

Ka san shekara goma sha ɗaya ke nan muna roƙon Allah a kan mahaifiyarmu, muna riƙe da alkawarin nan cewa za mu sami ceto, mu da gidanmu. Ka san kuma tun bara ta daina zuwa gindin tsamiya inda Anna, masu bin addinin gargajiya, ke yanka, ta fara zama a bakin rumfar da muke sujada, wai inuwa take sha. Da rani ta ce mini da bakinta in an kai amfanin gona gida za a yi mata baftisma. Na rubuta maka, ka ce za ka zo. To, ga abin da ya faru.

Bayan ruwan shuka sai sama ta ɗauke, kwana ashirin da shida ko ɗigo. Gyaɗar da ta tsiro ta fara kwanciya. Mijina Amos, wanda shi ke karanta mana Littafi tunda ba mu da fasto, ya tara mu kowace safiya muna addu'a. Wa'azin haƙuri kuwa mun sha shi har ya ishe mu. Ya kawo mana Ibrahim da shekarunsa na jira, ya kawo Iliya da gajimare kamar tafin hannu, yana buga ƙirji yana cewa mai jiran Ubangiji ba ya jin kunya. Iya tana bakin rumfa tana gyaɗa kai.

Ran nan da safe ya kwance baƙin bunsurun nan mai farin tabo a goshi, wanda Iya ta ba ni yana ƙarami, ya ce Tasawa zai kai shi kasuwa. Ashe ko hanyar Tasawa bai kama ba. Gidan tsoho Amani ya zagaya, mai yankan roƙon ruwa, ya miƙa masa igiya ya ce kada a faɗi wanda ya bayar. Mutumin da ya gama yi mana addu'a, bakinsa bai ma bushe ba! Washegari Iya za ta rijiya ta ga fatar a rataye a reshen tsamiya, har da goshin. Dabbar da ta rena da hannunta, yaya za ta kasa gane ta?

Kwana biyu da yin haka ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Garin nan kaf cewa ake bunsurun Kirista ne ya buɗe sama, mata har guɗa suka yi mini a rijiya suna yi mini godiya. Ran Lahadi kuma Amos ya sa farar rigarsa ya miƙe a gabanmu ya ce mu gode wa Allah da ya ji addu'ar masu haƙuri. Yaya, ƙyama ta kama ni, na fita ban tsaya waƙa ba. Da na tare shi a gida, sai ya ce wai don ni da yara ya yi, wai bai yarda da tsamiya ba, ya dai ga babu laifi a ƙwanƙwasa ƙofa biyu. Ko kunya babu. Ina tuƙa masa tuwo don mijina ne, amma tun ranar ban iya kallonsa yana ci.

Ni na san wanda ya aiko da ruwan nan, kuma da zai zo ko an yanka ko ba a yanka ba. Amma Iya ba ta ƙara zuwa bakin rumfa ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce mini ita ba ruwan ne ya dame ta ba. Ta ce shekara sittin tana bin abin da ake ba jini kafin ya ji kukan mutum, ta ɗauka mun sami wanda maganarsa kaɗai ta isa a zauna a kanta, sai ga mai karanta maganar bai iya ƙara jiran kwana biyu ba. Don Allah ka rubuto mata da kanka, ni zan karanta mata, ka kuma gaya mini yadda zan yi da Amos, don har yau bai tsaya gaban ikilisiya ya faɗi gaskiya ba.

Ka gaishe da Elizabet da yara. Kawu Mai Nasara na Atantane yana gaishe ka, Tanna ma haka. Iya ta ce in gaishe ka da kyau, ta ce kuma kada ka wahalar da kanka da doguwar tafiya da kaka, babu abin da za ka zo yi. Na faɗa maka saƙonta yadda ta ba ni. Nawa saƙon kuwa, ka zo. Wanda ya yi alkawarin ba Amos ba ne.

Ni ce ƙanwarka cikin Ubangiji,
Hanatu