Fuskarka Ta Dawo Mini

Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka wannan takarda, amma ai da can ma in na fara zuba ba amsa kake ba ni ba, sai murmushi.

Muna nan Unguwar Dosa lafiya. Ummi ta shiga sakandare, ta kwaso taurin kanka kaf. Ƙanenka Sabi'u ke riƙe da shagon ɗinkinka na Hayin Banki, har yau wuyan riga na ba shi wahala.

Tun ranar da motarmu ta kife a Katabu, ka tafi ka bar ni da karyayyen hannu, fuskarka ta ɓace mini. In na tuna ka, sai ƙarar birki da takalminka yashe a kan kwalta. Shi ke nan abin da zai rage mini na zamanmu? Kowa haƙuri yake ba ni. Na yi haƙurin, amma ko keke napep na shiga sai in roƙi a sauke ni.

Yaya Binta ce ta ja ni wurin likitan masu fama da firgici. Ya ce in tuno hatsarin, ina bin yatsunsa da ido, dama da hagu, wai hakan ke rage firgicin. To ka san tarbiyyar gidanmu, ba a ɗaga ido a kalli babba, balle namiji. Bawan Allah yana ta kaɗa yatsu, ni kuwa ƙafar teburinsa nake kallo. Da kana nan da ka yi dariya har hularka ta faɗi. Sai da aka haɗa ni da likita mace na iya ɗaga kai.

Ba a rana ɗaya aka dace ba, na sha kuka. Sannu a hankali ƙarar nan ta riƙa yin nisa. Makon jiya, ina cikin bin yatsunta, sai ga ka a mota kafin mu kai Katabu, kana tsokanata wai Zariya kawai za mu amma na yi kaya kamar mai ƙaura. Har wushiryarka na gani.

Duk zamanmu kunya ba ta bar ni na kalle ka na ƙoshi ba. Me ya hana ni? Ina son ka, ban taɓa faɗa maka ba. Yanzu kam kallonka nake son raina.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Matarka,
Maman Ummi