Kada Ki Kira Sunana a Filin Jirgi

Zuwa ga Sinegugu, sanyin idona, ruwan randata a ranar zafi, farin watan da nake duba ta taga in ji kamar ina gida.

Ranar Juma'a zan taso daga Johannesburg zuwa Durban, kuma ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Kin san bara aka binne Baba a ƙauye, amma kurwarsa tana nan Johannesburg, a ɗakin kwanan ma'aikata inda ya cika. Ni dangi suka ɗora wa ɗauko shi. Kamar yadda al'adarmu ta tanada, zan je da reshen magaryar kura, in kira shi da sunan zuriyarmu, in ce ya shigo reshen mu tafi gida. Daga nan bakina ya rufu ga kowa sai shi, ba waiwaye, har in ajiye shi a garken shanunmu. In na amsa wa wani a hanya, nan zai sauka, nan zai ɓace mana.

Baffa Mzwakhe ne ya saya mana kujeru biyu a jirgi, tawa da ta Baba. Ya ce, "Kai yaro, tafiyar awa ɗaya ce fa. Ubanka ya gama shan wahalar mota da ransa, a mace ma sai ya wuni a hanya?" Gwaggo Thokozile ta riƙe haɓa ta ce, "To gwanin zamani, a can sama wa zai gaya masa an zo kogi?"

Tambayar nan ta hana ni sakat, abar ƙaunata. Dole a sanar da kurwa duk kogin da za a haye. A mota ina gani da idona, in ce Baba ga kogin Vaal mu haye, Baba ga kogin Tugela riƙe ni da kyau. A jirgi fa? Wajen kilomita ɗari biyar za a haɗiye cikin gajimare, ba gada, ba sunan gari. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin ƙasa yana haƙar zinariya, shi zan kai inda ko ungulu ba ta zuwa? In ya firgita ya saki reshen, a wace sama zan nemo shi?

Duk da haka, ke na fi tsoro. Kin tuna ranar nan a bakin teku, cikin cunkoson hutun Kirsimeti, da kika kira ni daga nesa? Burodin da ke hannuna cike da miyar wake na saki a yashi, na juyo kafin ma in san na ji. Haka nake da muryarki, ba ta neman izinina. Rabona da ke tun damina, kuma na san za ki zo taryata ko an hana ki.

Ina roƙonki, zumar zuciyata, in kun zo filin jirgi ki tsaya bayan Gwaggo. Za ki ga na fito ina magana da reshe, na wuce ki kamar ban taɓa saninki ba. Kada ki yi kuka inda zan ji. Kada ki kira sunana! In kika kira zan amsa, kuma zan bar ubana a ƙofar filin jirgi cikin baƙi, in rayu ina ganin laifin bakin da na fi so a duniya.

Ki bar ni in kai shi gida. In na wanke hannu a ƙofar garke, sunanki ne farkon abin da zan faɗa wa mai rai.

Naki, a ƙasa ko a sama, har ranar da za a ɗauko tawa kurwar,
Mthobisi